Ɗawafin da Na Kasa Ƙirgawa

Da sunan Allah nake ci gaba, shi ne ya san abin da na tuna da abin da na manta. Wannan babin sau uku ina fara shi ina yage takardar, ko kuwa sau huɗu ne, ba na so in faɗi abin da ban tabbatar ba. Akwai maganar da ba ta dace uba ya yi da 'ya'yansa ba, wannan kuwa tana kusa da ita. Amma ranar addu'ar arba'in ta Innarku, 'yar'uwarku Saratu ta same ni a zaure idonta ja wur, ta ce ta ji wasu tsofaffin mata a tsakar gida suna cewa ai marigayiyar ta taɓa yin wani abu a shekarar da na je Makka, shi ya sa da na dawo na yi wata takwas ban taka ɗakinta ba. Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Yanzu zan ba ku, ku duka, a rubuce, don kada in mutu maganar ta rage a bakin waɗanda ba su san komai ba. Innarku ba ta yi komai ba. Ni na yi.

Kun san halina, kun kuma sha yi mini dariya a kansa a bayan idona, ban kuwa ji haushi ba. Tun ina ƙarami a Rimawa, in aka ce in rufe akurkin kaji sai na koma sau biyu na taɓa murfin. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, na addini kuma na tsaya a inda ya fi haɗari: na san abubuwan da ke ɓata ibada, ban san waɗanda ba sa ɓata ta ba. Nakan tayar da kabbara in sake, in sake, har liman ya kusa ruku'u. Mutane suna ganin tsoron Allah ne, suna yaba mini. Ni ma haka na ɗauka.

Shekarar da albasa ta yi mana kyau sau biyu a jere, Allah ya kira ni aikin Hajji. Aka yi dace kakanku na Tursa, mahaifin Innarku, shi ma ya sayar da bijimansa ya biya kujera a wannan shekara. Tsoho ne a lokacin, gwiwoyinsa sun fara ƙin sa. Ku tuna fa, tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ga shi an haɗa mu ɗaki ɗaya, mota ɗaya, tanti ɗaya. Ranar da za mu tashi Innarku ta raka ni har bakin zaure, ta ce:

"Malam, ga Baba nan hannunka. Kak ka sake shi cikin mutane."

A sansanin alhazai a Sakkwato ana yi mana bita kullum. Wani malami ya yi bayanin babban ɗawafi, wanda ake yi bayan an sauko daga Arfa an yi jifa an yi aski. Ya ce kewaye bakwai ne cif, in ya gaza da ɗaya hajji bai cika ba, kuma mutum ko ya koma gida yana nan da sauran harami a kansa, iyalinsa ba su halatta gare shi ba sai ya koma Makka ya cika. Sauran alhazai suka ji suka wuce. Ni na ɗauki maganar na ajiye ta a inda nake ajiye irinta. Muna isa na sayi ɗan carbi mai ƙwaya bakwai, wanda ake sayarwa musamman don ƙirga ɗawafi.

Ranar babban ɗawafin, cunkoson ba ya faɗuwa. Hannuna na dama yana riƙe da na kakanku, carbin yana hagu. Muna cikin tafiya sai jama'a suka turo daga baya kamar ruwa ya karya gona, tsoho ya tafi zai durƙusa. Na sa hannu biyu na ɗago shi, na rungume shi a ƙirjina har turin ya wuce. Da na duba, ba carbi. Na ci gaba da ƙirgawa a kaina, ina addu'a, ina kare shi da kafaɗa. Can sai ya ja hannuna muka fita daga cikin masu kewaye, ya nemi wuri ya tayar da sallar raka'a biyu. Na bi shi na yi. Bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba. Haka muka saba.

A motar da ta ɗauko mu daga Sakkwato zuwa gida ne abin ya zo mini sosai. Ana ta murna, mata suna guɗa a bakin hanya, ni kuwa wani abu a zuciyata yana cewa shida kuka yi. Na lissafa daga inda carbi ya faɗi, ya ba ni bakwai. Na sake lissafawa, ya ba ni shida. Za ku ce me ya hana ni tambayar kakanku. Ku duba da kyau. Hannunsa yana cikin nawa tun farko har ƙarshe, in nawa shida ne, nasa ma shida ne. In na buɗe baki, na ce wa dattijon da ya sayar da bijimansa, wanda ba shi da ƙarfin komawa, hajjinsa bai cika ba, kuma a hannuna ya lalace. Innarku ma ba zan iya gaya mata ba, don maganar ubanta ce. Limamin unguwarmu kuwa abokin kakanku ne. Sai na ga hanya ɗaya ce ta rage mini: in yi shiru, in nisanci ɗakinta, har Allah ya ba ni halin komawa.

Da farko na ce gajiya ce. Daga nan na fake da tarin da alhazai kan dawo da shi. Da tarin ya warke sai na rasa abin faɗi, na koma yin sammakon fita fadama ina dawowa a makare. Abinci ina ci, cefane ina yi, gaisuwa ina amsawa. Wata rana da hantsi ta kawo mini fura a ɗakina, ta ajiye, ba ta fita ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce:

"Malam, in laihi niy yi, a hwaɗa mini in san shi."

Na ce, "Ba ki yi komi ba."

"To mi na na? Wani yag gaya maka wata magana bayan tahiyarka?"

"Babu."

"Ko ciwo na kaka ɓoyewa? In ciwo na, ai ni adda hakkin sani kahin kowa."

Na ce ta yi haƙuri, lokaci ne. Ta ɗauki faifan da ta rufe furar da shi ta fita. Gida ba ya ɓoye irin wannan. Gwaggonku Hauwa, yayata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ta fara tare ni a gaban rumbu.

"Kai Ummaru, kowa ya tahi Makka ya dawo da dabino da zamzam, kai ka dawo da shiru. Ko haƙorin Makka anka sa maka cikin baki yah hana ka magana?"

Na ce, "Yaya, ki bar maganar."

"Ni in na bari, gari ba shi bari. An hwara cewa wani abu kaj ji game da yarinyag ga. Ka san abin da ka kashe mace da ranta kuwa?"

Na ji maganar, wallahi na ji ta, amma tsoron da ke cikina ya fi ta ƙara. Na tafi Goronyo ranar kasuwa, na sami wani malami da bai san ni ba, na yi tambayar yadda masu jin kunya ke yi, na ce wani mutum ne ya aiko ni. Ya ce shakkar da ta zo bayan an gama ibada ba a waiwayar ta, mutumin ya kwantar da hankalinsa. Na fito da sauƙi a zuciya. Kafin in kai tasha sai na ce, to ai ban gaya masa carbin a tsakiyar ɗawafi ya faɗi ba, ke nan bai ba ni amsar tawa tambayar ba. Na koma gida yadda na fito.

A watan Rajab Innarku ta ɗaura Saratu a baya ta tafi Tursa. Ba ta yi faɗa ba, ta share ɗakinta, ta bar wa Gwaggonku makulli. Bayan mako biyu kakanku ya aiko ƙanensa da saƙo: in zo in faɗi laifin 'yarsa a gabansa, ko in sawwaƙe mata, kuma ba ya so watan azumi ya kama maganar tana rataye.

Ana haka mutanen unguwarmu suka shirya ziyarar da sukan yi a Sha'aban. Akan cika mota biyu, a fara da hubbaren Sakkwato, a biyo ta Rabah, a ƙare a Wurno, a kowane gari a yi addu'a ga magabata, a shiga zaurukan malamai a gaishe su, a zauna a ji karatu. Ban taɓa binsu ba sai wannan shekara. Na ɗauki rabin buhun albasa don gaisuwar malamai. Gaskiya ba ziyara ta fitar da ni ba, malamin da zai cire mini wannan ƙaya nake nema, a inda ba a san fuskata ba.

A Rabah muka shiga wurin wani malami mai yawan littattafai, sun cika bango har sama. Da jama'a suka fita na tsaya, na ce wani mutum ne ya aiko ni, wannan karon kuma na faɗi maganar carbi. Ya saurara da kyau, ya ce abin duba ɗaya ne. In shakkar ta zo wa mutumin yana cikin ɗawafi, ya kamata ya ɗauki mafi ƙaranci ya ƙara ɗaya, in bai yi ba akwai gyara a kansa. In kuwa bayan ya gama ta zo, babu komai. Ya ce in je in tambayi mutumin yaushe ta zo masa. Malamin bai yi kuskure ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Amma ni na shiga da shakka ɗaya na fito da biyu, don yanzu ban san ko a cikin masallaci zuciyata ta fara motsi ba ko a mota. Daga Rabah zuwa Tursa ba nisa. Na ga masu babur suna kiran fasinjan can, na kau da kai.

Muka isa Wurno da azahar. Bayan mun yi addu'a a hubbare aka kai mu wurin Malam Haliru, wani tsoho siriri da idonsa ya kusa tafiya duka. Zaurensa na ƙasa ne, ba littafi ko ɗaya a gabansa, manyan ɗalibai masu furfura ke karanto masa yana fassarawa, in mai karatu ya tsallake layi ya mayar da shi. La'asar ta yi, kowa ya ɗauki buta. Na tsuguna a gefen ƙofar zaure na yi alwala yadda na saba, buta ta ƙare, na cika ta biyu. Sai na ji muryarsa daga ciki.

"Wa na na ka wanke ƙohwar zaurena?"

Mutane suka yi dariya. Wani ya ce, "Allah gahwarta Malam, baƙo na, alwala shika yi."

"Alwala? To ku riƙe mini shi bayan salla, kada shi ƙarar muna da rijiya."

Bayan salla na durƙusa a gabansa na gaishe shi, na tura albasar da ta rage. Ya shafa ta, ya ce ta Rimawa ce, ya ji ƙarfin warinta. Na fara: "Allah gafarta Malam, wani mutum ne ya aiko ni." Ya bar ni na kai ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce:

"Mutumin ga da ya aiko ka, shi ma buta biyu shika alwala da ita?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba:

"Malamai nawa ka tambaya kahin ni?"

Na ce biyu.

"Ba ni ba ka amsa yau. In nib ba ka, kahin ka kai tasha ka huda ta. Bari abokan tahiyarka su wuce, ka kwana uku nan."

Haka aka yi. Na ce wa mutanenmu karatu zan tsaya ji, ba ƙarya na yi ba. Malam ya sa aka ba ni wata 'yar moɗa da ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba. Ya ce kowace alwala da ita zan yi, a cika sau ɗaya, a gabansa, in ruwan ya ƙare alwala ta ƙare. Kabbara kuma ɗaya, a bayansa, in na sake ta ya ji zai kore ni. Ranar farko na yi salla ina jin kamar ban wanke komai ba, gumi yana keto mini. Na ce masa ina ganin ruwa bai game ƙafata ta hagu ba. Ya ce, "Ta game." Na ce ai Malam bai gani ba. Ya ce, "Kai da kag gani mi yaƙ ƙare ka da shi?" Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna murmushi. Tsakanin salloli ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin karatu. Yawancinsa ya fi ƙarfina, amma na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya zo da tambaya, Malam sai ya tambayi sana'arsa da iyalinsa da abin da ya kawo maganar kafin ya amsa. Ba ya amsa wa mutumin da ba ya nan.

Rana ta uku da hantsi ya sallami ɗalibai, ya ce in matso.

"Shakkag ga, kullum taka zo maka?"

Na ce kullum, tun ina yaro.

"To saurara. Abin da malamin Rabah yag gaya maka gaskiya na, amma hukuncin mai lahiya na. Wanda shakka ta zame ma ciwo, tana zo mai kullum, malamai sun ware mai nashi hukunci. Shi mahi yawa shika ɗauka, shi wuce. Ko cikin ɗawahi ta zo, ko cikin mota, bakwai kay yi. Kuma ba rangwame na nika yi maka ba, abin da anka hore ka da shi ke nan. In ka bi shakka, ka bar hukunci ka bi son ranka."

Ban taɓa jin an kira abin nan nawa son rai ba. Na ɗauka shi ne mafi tsabta a cikina. Ina cikin juya maganar sai ya ce:

"Matar tana ina?"

Na ce tana gidansu, a Tursa.

"Wata nawa?"

Na ce takwas ke nan da dawowata.

"Ka taka gari uku kana tambaya kan kewaye guda da ba ka tabbata ka bari ba. Wata takwas na baiwar Allah, da ka tabbata ka danne, wa kat tambaya a kansu?"

Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsarta har yau. Na yi kuka a zauren nan, ban ji kunyar rubuta shi ba. Da na natsu ya ce in tashi in tafi Tursa a ranar, in faɗi gaskiya duka. Ya kuma ɗora mini sharaɗi: kada in sake tambayar kowa adadin ɗawafin nan, malami ko ba malami ba, har in mutu. Ya ce ko an ba ni tabbaci yau, gobe zan nemi tabbacin tabbacin. Na yi masa alkawari.

Na isa Tursa bayan la'asar. Kakanku yana zaune a kan buzu a zaurensa, ƙanensa a gefe. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa, na gaishe su. Ya amsa a taƙaice. Na san akwai mutum a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, don na ga inuwa. Kaina a ƙasa na faɗi komai, tun daga bita har 'yar moɗa. Har tsoron da na ji game da nasa hajjin ma ban ɓoye ba. Na gama. Ƙanensa ne ya fara magana, ya ce shi tunda yake bai taɓa jin wauta mai kama da ibada irin wannan ba. Kakanku ya ɗaga masa hannu.

"Ummaru, ɗiyata ta sha magana garin ga da garinku, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wannan tsakaninka da ita na, ni ba ni yahe abin da ba nawa ba." Sannan ya ce, "Amma zancen ɗawahi, kai kana da carbi, ni ina da tawa hanya da nika ƙirgawa, ban kuwa sake ta ba ko da nit tahi hwaɗuwa. Kana so in gaya maka nawa munka yi?"

'Ya'yana, ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so jin wannan kalma ɗaya ba. Wata takwas ina nemanta, ga ta a bakin mutumin da ke gabana. Na ji harshena yana motsi da kansa. Na dafa ƙasa da hannu biyu na ce:

"Baba, a bar shi. An hana ni tambaya, na kuwa yi alkawari."

Ya dube ni, ni ma a karo na farko na ɗago na dube shi. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban tayar ba. Har yau da nake rubutun nan ban san abin da zai faɗa ba, kuma wani lokaci abin yakan zo mini ina tsakiyar salla, in bar shi ya wuce.

Innarku ba ta biyo ni a ranar ba. Ta ce sai an je Rimawa an tara waɗanda suka yi da ita an gaya musu, na kuwa je na tara dattawan gidanmu na faɗa da bakina. Wasu suka yarda, wasu suka ce rufa mata asiri nake yi, ga shi har bayan ranta maganar ba ta mutu ba. Wannan ni na jawo mata, ba kuma abin da zan yi in goge shi. Ana saura kwana biyu azumi na koma na ɗauko ta. A hanya, muna jiran mota a bakin titi, Saratu tana barci a bayanta, na ce mata na gode da ta haƙura. Ba ta dube ni ba, tana gyara goyo ta ce:

"Ina bayan zana ran nan. Na riga na ƙulla kayana na zama gidanmu. Da ka ce Baba shi hwaɗi, da ban biyo ka ba, don na san gobe sai ka ce ko tsoho ya mance."